Fenti Uku a Kan Fok Ɗaya

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Laraba baƙin fentin ya fara tashi daga jikin fok ɗin, kuma abin da ya fito a ƙarƙashinsa ba kurom ba ne. Wani fentin ne, kore shar. Na goge wurin da tsumma na sake dubawa, koren yana nan.

A bencin da ke bakin shagonmu a Sabon Layi dattawa biyu ne zaune, kowa ya kama ƙarshensa, sun bar fili a tsakani. Ɗaya Baba Ishaya ne, dogo, wanda ya tsaya a gaban jauro, wato mai garin ƙauyensu, ya ce keken nan nasa ne, kuma da zarar an cire baƙin fenti farin ƙarfe za a gani. Ɗayan Malam Hammajo ne, gajere, wanda ya yi shekaru yana hawan keken. Shi cewa ya yi a kasuwa ya saye shi yana kore, da hannunsa ya shafa masa baƙi. Duk wanda ƙarfen ya ƙaryata zai koma gida da sunan da ba ya goguwa: ko dai wanda ya hau kayan maƙwabcinsa da aka kwashe a shekarar gudu, ko kuma wanda ya yi wa maƙwabcinsa ƙazafin sata.

"Kore ne?" in ji Malam Hammajo, bai ko tashi ba.

"Kore ne, Malam."

Ya juya yana kallon titi kamar magana ta ƙare. Baba Ishaya ya taso ya tsaya a kaina har ya tare mini haske.

"Ci gaba," ya ce. "Ba ka kai ba tukuna."

Hausarsa irin ta tsofaffinmu na nan ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Zan dawo kansu. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan makarantarmu da ƙannensu. Tun da man fetur ya yi tsada kowa ya tuna akwai tsohon keken kakansa a bayan ɗaki, kuma abin da ake yayi yanzu shi ne a kankare fentin fok a bar shi yana ƙyalli. Fok shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, wuyansa ya shige cikin jikin keke ya haɗu da sitiyari. A tsofaffin kekuna ana yi masa rufin kurom, abin da masu keke ke kira silba. Nakan ji a aji ana cewa, "Ai kankarewa ce kawai, ka samu reza shi ke nan." Ba na tanka musu, don ba ni da yawan magana a cikin mutane. A takarda zan iya.

Wani ɗan ajinmu ya taɓa kawo mana fok ɗin keken kakansa a cikin buhu. Ya bi shi da sanfefa tun daga sama har ƙasa. Fentin ya fita tas, kurom ɗin ma ya bi shi. Ƙarfen ya yi zane-zane kamar gindin tukunyar da aka sha gogewa da yashi, wani wurin ya yi ruwan ɗorawa, wani wurin ja. Ya ce mu dawo masa da ƙyallin. Kawu Buba, mai shagon, ya jujjuya shi a hannu ya miƙa masa abinsa. "Wane launi kake so?" ya ce. "Akwai baƙi, akwai shuɗi." Ba mu da inda ake mayar da kurom a nan. Kaurinsa bai kai na ɓawon albasa ba. A ƙarƙashinsa akwai wani rufi mai ruwan ɗorawa, a ƙarƙashin wannan akwai ja irin na tagulla, daga nan sai baƙin ƙarfe mai jiran tsatsa. In ka ga ɗorawa, ka riga ka wuce.

Saboda haka ƙarfe ba ya taɓa kurom a shagonmu. Babu reza, babu wuƙa, babu soson ƙarfe na wankin tukunya. Ba ma kai shi wuta, don wuta tana mayar da shi shuɗi, kuma shuɗin ba ya fita. Abin kankararmu ƙahon saniya ne. Kawu yana karɓo shi wurin mahauta, ya tsaga, ya fiƙe bakinsa a kan dutse har ya yi kamar farce. Ƙaho ya fi fenti ƙarfi amma bai kai kurom ba, don haka shi ke cinyewa, ba ƙarfen ba. Abin da ke tausasa fentin kuwa man birkin mota ne. A jiƙa tsumma da shi, a naɗe fok ɗin, a rufe da leda, a ajiye a rana. Sai ka sa leda a hannunka kai ma, in ba haka ba fatar yatsunka za ta riga fentin tashi. A ƙarshe ana gogewa da toka tankaɗaɗɗiya, sannan a bi ɗigon tsatsa da takardar azurfar nan ta cikin kwalin shayi, a jiƙe da ruwa. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya, za su shiga gwangwanin madara. Sauran duk jira ne.

Kawu Buba wan mahaifiyata ne. Bai taɓa cewa ya ɗauke ni koyon aiki ba. Gidanmu akwai hayaniya, shi ya sa tun ina firamare nake zuwa bayan shagonsa da littafina in zauna a kan tsohuwar taya. Wata rana ya turo mini gwangwanin kananzir cike da ƙwallayen boris ya ce, tunda ina zaune, in wanke. Na wanke, na ware masu tabo gefe guda ba tare da an ce in ware ba. Washegari ya turo wani gwangwanin. Daga nan aka koma faci, daga faci aka koma ɗaurin wayoyin taya har ta daina rawa. Masu keke sukan zo su same ni da sifana a hannu su ce, "Yarinya, kira mana mai shago." Nakan kira shi, shi kuma ya fito ya saurari matsalar har ƙarshe, ya miƙo mini keken ya koma ciki. Da hannunsa ya fara rawa, duk aikin da ke son hannu marar nauyi ya dawo wurina.

Shekarar gudu ina ƙarama, amma na riga na fara zama a bayan shago. Abin da ya shafi sana'armu kawai zan faɗa. Mutane sun bar garin nan da ƙauyukan kewaye a rana ɗaya don tsira da rai, wasu a ƙafa, wasu a keke. Wanda tayarsa ta fashe ya yar da keken a daji. Wanda ya kai bakin mayo, wato kogi, ya ga ba zai iya haye ruwa da keke da yara ba, ya zaɓi yaran. Kekunan da aka bari a gidaje kuwa, wasu an kwashe. Da muka dawo mun tarar an ɓalle ƙofar shago, ko famfon iska ba a bari ba. Amma shekarar da ta biyo baya ita ce ta fi wuya a wurin mai gyara, don ba sabon kaya, ga kuma kowa yana neman abin hawa. Sai aka shiga kawo gutsattsarin kekuna daga daji, wannan jiki babu taya, wancan taya babu jiki. Duk mai sifana a garin nan ya yi haɗi: fok ɗin wannan, jikin wancan, sirdin wani. A shafe da duk fentin da ya samu, a kai kasuwa. Ba wanda ya tambayi asali, don ba wanda zai iya amsawa. Har yau in na kwance keken da aka saya a wancan lokacin, nakan sami kekuna uku a cikinsa.

Akwai wani abu kuma da shekarar ta bari. Duk wanda ya riga mutane dawowa, ana yi masa wani irin kallo. Malam Hammajo yana cikinsu. Mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai, ba ta iya zaman dutsen da suka fake a kai ba, ya dawo da ita ƙauyensu na ɓangaren Duvu tun gidaje suna buɗe babu kowa. Baba Ishaya kuwa ya haye Kamaru, daga can ya wuce wurin ɗansa a Yola, bai dawo ba sai bayan shekaru masu yawa. Katanga ɗaya ce ta raba gonakinsu, tare suka yi kiwo suna yara. Ranar da Baba Ishaya ya ga keken a jingine a bakin masallaci, lanƙwasar fok ɗin ya tsaya yana kallo, da wani ɗan wuri a ƙasa inda fenti ya ɓare farin ƙarfe ya leƙo. Bai yi wa Malam magana ba, wurin jauro ya wuce. Da yamma ƙauyen duk ya ji.

Jauro ya tambaye shi shaida. Ya ce kekensa ba shi da abin tsayarwa, don haka kullum a jikin wani dutse da ke bakin gonarsa yake jingina shi, har dutsen ya ci ƙafar hagu ta fok ɗin. Akwai wuri kamar faɗin babban yatsa, in ji shi, inda silbar ta suɗe ta koma ɗorawa. Jauro ya ce a kai keken wurin Buba a cire fentin a gani.

Ku lura da abin da wannan ke nufi ga mai aikin. Alamar da ake nema irin ta ce da mai kankara zai iya yi da hannunsa in ya danna da yawa. Kuma in tana nan, zai iya ɓata ta da zane har a kasa gane wanne ne na dutse, wanne ne nasa. Kawu ya ce shi ba zai taɓa ba. Hannunsa yana rawa, ga shi kuma sahu ɗaya yake bi da Malam Hammajo duk Juma'ar da ya shigo gari.

"Ga yarinya nan," ya ce musu. "Ba ta san gonar kowa ba."

Baba Ishaya ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan mai littafin?"

"Ita."

"To. Amma a gabana."

"A gaban kowa," in ji Malam Hammajo.

Da na kwance sitiyari na zaro fok ɗin daga jikin keken, na ga wani abu a wuyansa, wato ɓangaren da ke ɓoye a ciki, inda fenti ba ya kaiwa. Bakin wuyan ba yankan kamfani ba ne. Da zarto aka yanke shi, har ya ɗan karkace, kuma zaren da noti ke bi an ƙara shi da hannu, na sama sumul, na ƙasa kaca-kaca. Na kai wa Kawu ciki na nuna masa.

"Kin gani?" ya ce.

"Na gani."

"To riƙe a bakinki. In kika faɗa yanzu, kowannensu zai ce an shirya da ɗayan. Gama abin da aka sa ki tukuna."

Da ƙafar dama na fara, wadda ba a ce akwai komai a jikinta ba. Haka ake yi: ka koyi halin fentin a inda kuskure ba zai kashe kowa ba. Baƙin na Malam ne, fentin ƙofa, an lafta shi da burushi. Man birki na taɓa shi ya yamutse kamar saman madarar da aka tafasa, ƙaho ya kwashe shi ba gardama. Shi ne ya tashi a safiyar Larabar nan ya bar mu da kore.

Koren feshi ne, siriri, mai taurin kai. Ya sha mai har azahar bai motsa ba. Na sake jiƙa tsumma na naɗe, na ce musu sai ya kwana. Nan aka tsaya. Baba Ishaya ya ce ba zai bar shi a shagon da Malam zai iya dawowa ba. Malam ya ce shi ma bai yarda Baba Ishaya ya tafi da shi ba, don dutsen yana nan a bakin gonarsa, ba abin da zai hana shi ya je ya goga. A ƙarshe Baba Ishaya ya zaro igiyar rama daga aljihu ya ɗaure ledar da irin ƙullin da yake yi wa buhun masara. Malam ya tsinci robar tsohon tiyub ya yi nasa ƙullin a kai. Aka rataye a ƙusa, suka tafi, kowa a mota daban.

Da safe kowa ƙullinsa ya fara dubawa.

"Ku gaisa mana," in ji Kawu. "Ƙarfe ba gudu zai yi ba."

Suka gaisa a taƙaice. Koren ya yi laushi, amma ba ya fita a dunƙule, sai ɗan kaɗan-kaɗan kamar ɓawon gyaɗa. Ana kwantar da bakin ƙaho ne, ba a soka shi, kuma ana bin tsawon ƙarfen, ba a gitta shi. In ka ji ƙahon ya yi ƙara, tsaya ka ƙara mai. Aiki ne da ba abin kallo a cikinsa, don haka dattawan suka gaji da shiru.

"Tun muna kiwo ba ka iya gane akuyar gidanku a cikin garke ba," in ji Malam Hammajo, yana magana da titi. "Yau kai ne mai gane keke ta cikin fenti."

"Na gane ta mana," in ji Baba Ishaya. "A tukunyar gidanku na gane ta."

Kawu ya yi dariya, Baba Ishaya ma ya fara. Malam bai yi ba. A da, in ji Kawu daga baya, da wannan maganar sai su wuni suna jan ta. Ranar nan Malam tashi ya yi ya tafi alwala tun lokaci bai yi ba.

A ƙarƙashin koren ma ba kurom ba ne. Ja ne, irin wanda masu walda ke shafa wa ƙofar ƙarfe kafin fenti. Da Kawu ya gani ya tsuke baki, kuma ya gaya musu dalili, don kada a ce an ɓoye. Wanda ya san aiki, kafin ya shafa jan nan a kan kurom, yakan bi shi da sanfefa don ya kama. In haka aka yi, babu silba, babu alama, babu abin da za a kai wa jauro.

"To sai me?" in ji Malam.

"Sai ku koma yadda kuka zo."

Ba wanda ya so haka a cikinsu. Rashin amsa ba zai wanke Malam ba, ba kuma zai rufe bakin masu cewa Baba Ishaya ya dawo da rikicin tsufa ba.

Na buɗe ɗan wuri a can ƙasan ƙafar dama, na goge da toka. Kurom ɗin ya fito sumul, ba zane ko ɗaya. Wanda ya yi haɗin malalaci ne, ya lafta jan a kan ƙyallin ya wuce. Lalacinsa ne ya cece mu. Saboda bai kama sosai ba, jan ya riƙa ɓarewa da kansa, sai a ɗigon tsatsa inda ya maƙale, nan kuma tsinken ƙaho ake sawa a bi ɗaya bayan ɗaya. Na gama ƙafar dama, aka sake ƙulle-ƙulle, aka aika wa jauro ya zo washegari.

Ƙafar hagu a gaban jauro na yi ta. Ya zo da kujerarsa ta roba a bayan mota, ya zauna inda zai ga hannuna. Na fara daga sama na gangaro, sannan na fara daga ƙasa na hau, na bar tsakiyar da ake magana a kai. A nan ban sa ƙaho ba sam. Na bar mai ya yi aikinsa, na riƙa murza tsumma da yatsa har jan ya narke. Ana iya bambanta cin dutse da cin hannu. Abin da hannu ya yi yana da layi-layi da baki mai kaifi. Abin da shekaru suka yi sumul yake, farin yana shiga ɗorawa a hankali ba ka ga inda ɗaya ya ƙare ba, a tsakiya kuma ɗan ja. Irin wannan ne ya fito, a gefen waje na ƙafar hagu. Ya ɗan fi babban yatsa faɗi.

Jauro ya karɓa ya shafa, ya miƙa wa Baba Ishaya. Shi bai karɓa ba, ya dai gyaɗa kai. Malam Hammajo ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Wallahi saya na yi," ya ce, ba da ƙarfi ba.

Mutane sun ɗan taru a bakin shago, har da masu faci na maƙwabta. Kawu ya dube ni. Na ce akwai saura, amma ba wanda ya ji.

"Ɗaga murya, 'yata," in ji jauro.

Na ɗauki fok ɗin na juya shi na nuna musu wuyan. Na ce wannan fok ɗin na dogon keke ne, irin wanda mutum kamar Baba zai hau. Jikin da ke jingine can kuwa gajere ne. An yanke wuyan da zarto, an ƙara masa zare don ya shiga. Ba tare aka yi su ba, haɗi ne. Jauro ya sa aka kawo jikin, ya sa Baba Ishaya ya tsaya kusa da shi. Sirdin ko ƙugunsa bai kai ba.

"Naka haka yake?" in ji jauro.

Baba Ishaya ya daɗe yana kallon jikin. "A'a," ya ce. Can kuma ya ce, "To ina sauran?"



Hukuncin jauro gajere ne. Fok na Ishaya ne, jiki na Hammajo ne, ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sata. Ya ɗauki kujerarsa. Ni kuwa ina tsaye da fok a hannu, na tambayi abin da mai gyara zai tambaya: a ina zan sa shi? Kowa ya yi kamar bai ji ba.

A nan ne aikin ya tsaya, kuma ya daɗe a tsaye. Kawu ya ce zai sa wa keken wani fok ɗin. Malam ya ƙi. Ya ce ranar da ya shiga ƙauye da sabon fok, kowa zai ce ya mayar da abin da ya ɗauka. Maganar jauro ba ta bi mutane gida ba. Abin da ya bi su shi ne an sami kayan Ishaya a keken Malam, kuma haka mata ke faɗa a bakin rijiya. Baba Ishaya shi ma bai zo ya karɓi fok ɗin ba. Ya aiko cewa keke ya ɓata masa, ba guntun keke ba. Jikin ya zauna a lungun shago a kife, fok ɗin kuma a ƙusa. Masu wucewa sukan tsaya su tambaya ko na sayarwa ne.

Ga abin da masu son ƙyalli ba su sani ba. Fenti, ko mummuna ne, riga ce. Da ka cire shi, duk ɗan ramin da tsatsa ta taɓa ci a buɗe yake. Damina ta sauka, kullum da safe sai in tarar da ɗigo-ɗigon ja sun fito, in bi su da takardar shayi in shafa mai. Kowace gogewa tana cin wani abu. Kurom ɗin da ake hawa ana shafawa yana daɗewa, wanda aka rataye a iska mai laima ba ya daɗewa. Ga hutu ya kusa ƙarewa, zan koma makaranta, kuma hannun Kawu ba zai iya wannan bi-ɗaya-ɗayan ba. Ko dai a rufe shi da fenti, ko a mayar da shi bakin aiki. Na aika da tambayar ta bakin masu zuwa kasuwa, ba amsa. Na sake aikawa, ba amsa.

"Kai musu da kanki," in ji Kawu. "Aikinki ne."

Ranar Asabar na naɗe shi a tsumma na hau mota zuwa ƙauyen. Gidan Malam na fara zuwa. Na same shi ya dawo daga gona a ƙafa, yana jan gwiwa ɗaya. Bai bari na kwance tsumman ba.

"Ba nawa ba ne, 'yata. Tambayi mai shi."

Baba Ishaya yana zaune a ƙofar gidansa a bakin hanya yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ƙunshin a gabansa. Ya kwance, ya ɗora fok ɗin a cinya. Ya ga sababbin ɗigon tsatsar, ya kankara ɗaya da farce.

"Yana lalacewa," ya ce.

"Yana lalacewa, Baba. Shi ya sa na zo. In a rufe shi ne, a rufe. In a bar maka ne, in bar maka."

 Ya tambaye ni ko na biya ta gidan Hamma, wato Malam Hammajo. Na ce na biya.

"Da me yake zuwa gona?"

"A ƙafa."

"Da wannan gwiwar?"

 Wasu mata biyu suka wuce da bokitai, suka rage tafiya suna kallon abin da ke cinyarsa, suka gaishe shi suka wuce suna waiwaye. Ya bi su da ido har suka sha kwana. Sannan ya naɗe fok ɗin da kansa, ya ɗaure, ya miƙo mini.

"Mayar masa a kekensa," ya ce. "Kar ka shafa komai a kai. Ka ce masa ranar kasuwa ya hau shi haka yana walƙiya, ya bi ta nan, lokacin da mutane suka fi yawa a hanya. Zan fito da kujera in zauna. Kowa ya gan shi, ya gan ni, ya ga ban ce komai ba."